Uban da Ba Shi da Shafi

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu ban gaya wa matata ba, don na san abin da za ta ce. Sati uku ke nan Laure tana mini magana ɗaya: kowa ya buɗe shafi a waya yana nuna sana'arsa, ni kaɗai na rage. Ni gyaran keken ɗinki nake yi a bakin kasuwar Funtua, shekara ashirin da shida. Ban taɓa ganin dalilin da zai sa in tsaya gaban waya in ce na iya ba, alhali keken da na gyara yana can yana ɗinki.

A mafarkin rana ce tsaka, ina tsaye a ƙofar makarantar su Inna. Inna 'yata ce ta fari, shekararta goma sha ɗaya, tana aji shida. Makarantar ita ce dai, sai dai an cire ƙofar an jingina ta da bishiyar darbejiya, kuma ta nan kowa yake shiga. Wani bunsuru ne maigadi, yana zaune a kan benci da rajista a gabansa.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa. Wa ka zo ɗauka?"

"Yarinyata."

"Kawo shafinka."

Na miƙa masa katin ɗan ƙasa. Ya shinshina, ya cinye rabi, ya dawo mini da sauran cikin ladabi.

"Wannan kati ne, Malam. Shafi na ce. Ba ma ba da yaro sai ga uban da aka sani."

"Ai an san ni. Sallau mai keke. Ka tambayi kowane tela a garin nan."

"Tela nawa ne suka rubuta?"

"Rubuta me?"

"Cewa sun san ka."

Ya bayyana mini ba tare da faɗa ba cewa ƙarfe biyu ake kaɗa ƙararrawa. Duk yaron da ubansa bai kawo shafi mai shuɗin hatimi ba, ana ba da shi ga Dakta Namadi, masanin tarbiyya, wanda yake da mabiya dubu ɗari huɗu. Ya ce yaran ba sa shan wahala a can, kullum ana ɗaukar su hoto.

Na leƙa ta taga. Inna tana zaune da jakarta a kan cinya. Na ɗaga mata hannu, ta dube ni kamar yadda ake duban mai wucewa.

Bunsurun ya ce, "Kada ka ga laifinta. Wanda ba shi da shafi dishi-dishi ake ganinsa."

Na duba tafin hannuna. Ina hango tsakuwa ta cikinsa.

Sai ga ni a Ofishin Tantancewa. Yana hawa na uku, amma gangara matakala ake yi kafin a kai. Wata akuya mai tabarau ce a bayan tebur, sauran awakin suna kiranta Hajiya. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata.

Ta ce, "Sana'a?"

"Gyaran keke."

"Ba a rubuta haka." Ta yi rubutu mai tsawo, ta juyo mini da takardar. An rubuta: Jagoran Farfaɗo da Injunan Sutura.

"Hajiya, ni ban taɓa jagorantar kowa ba."

"Shi ya sa ake fara rubutawa. Tashi a yi maka hoto."

Na tashi. Ta dubi hannuwana ta saman tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan baƙin fa?"

"Man keke ne. Ba ya fita."

"Ka yi kama da mai aiki."

"Ai mai aikin ne."

"Ƙwararre ba ya kama da mai aiki, Malam Sallau."

Ta jawo durowa. A ciki akwai hannuwa a jere, masu tsabta, wasu har da agogo. Ta zaɓar mini daidai ni, ta karɓi nawa ta ajiye, ta ba ni lamba. Bai yi zafi ba. Ta ce in naɗe su a ƙirji, in kalli nesa kamar ina hango wani abu da sauran jama'a ba su gani ba. Na kalli nesa, abin da na hango shi ne agogo.

Ta ce, "Madalla. Wannan damuwar ta yi kyau, kamar mai zurfin tunani."

Ta miƙo mini waya, shafina yana ciki. Mutumin da ke hoton ya burge ni. Da ina da keke da na kai masa.

"To hatimin fa?"

"Hatimi sai da shaida. Je ka samo wanda zai yabe ka a fili."

A titi ana ruwa, daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Mutane sun kifa lema sun taka a ciki suna jan ƙafa. Kowa yana tafe da mabiyansa a bayansa, wani goma, wani layi har ya sha kwana. Na waiwaya in ga nawa. Ƙadangare ne guda ɗaya. Duk abin da na yi sai ya gyaɗa kai.

Na nufi shagon Barau tela, wanda tun keken ubansa ni nake gyarawa. Yana ganina dishi-dishi ya gane ni.

"A'a, Sallau! Yanzu nake cewa a kira ka. Ji abin da take mini."

Ya taka keken. Ban ko matsa kusa ba na ji: ƙoshiya ce ta goce, tana tsallake zare duk bayan ɗinki huɗu. Aikin minti biyar. Na miƙa hannu zan ɗauki sukuddireba, hannun ya ƙi. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Na sake gwadawa, ya ɗaga biyu.

Barau ya ce, "Me kake ƙirgawa?"

"Ba ni ba ne. Hannun bayani ne aka ba ni, ba sa kama ƙarfe. Barau, taimako na zo nema. Rubuta a nan cewa na iya aiki."

Ya ja da baya kamar na zage shi.

"Haba, Sallau. Ni da kai har sai an rubuta?"

"Yarinya ce za su ba wani."

"Subhanallahi. Allah ya kiyaye." Ya sosa ƙeya. "Amma ka duba mini. In na yabe ka a fili, gobe duk telolin garin nan su yi layi a wurinka. Ni kekena ya yi sati yana jira, ga salla ta matso. Ka bari bayan salla, in rubuta maka har da hoto."

Ƙadangaren ya gyaɗa kai.

Biyu saura minti biyar na koma ƙofar makaranta. Dakta Namadi ya riga ni zuwa. Dogo ne, farin yadi, kuma a fili ake ganinsa fiye da kowa, har inuwa biyu gare shi. Mabiyansa sun cika filin ƙwallo. Ya zo da doguwar mota mai hotonsa a jiki. Ya gaishe ni da fara'a.

"Mai keke ko? Ni ma na taɓa zama masanin keke, shekaran jiya. Na yi bidiyo bakwai."

"Ka taɓa kwance keke, Dakta?"

"Ana kwance shi?"

Hajiya akuya ta iso da hatimi a rataye a wuya. Ta ce saura hanya ɗaya, ita ce a haska ni kai tsaye a waya. Aka kafa waya a kan sanda, aka juyo ta gare ni. Ta ce duk garin yana kallo. In faɗi ko ni wane ne, in faɗi abin da na fi kowa, sannan in kira yarinyar da sunanta na rajista.

Na faɗi sunana. Wurin abin da na fi kowa na ce, "Alhamdulillahi, ana taɓawa." Wani a cikin taron ya yi tsaki.

Hajiya ta ce, "Wuce. Sunan yarinya."

Na ce, "Inna!"

Yara huɗu suka miƙe a cikin aji, tawa ba ta ciki.

"Na rajista, Malam."

A nan na tsaya. Yarinyar nan sunan mahaifiyata aka sa mata, ga shi kuma 'yar fari ce. Tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a asibiti Laure ce take faɗa, ni in kalli bango. Ko a nan ba zan rubuta shi ba.

Na ce, "Hajiya, sunan tsohuwata ne."

"Babu gurbin wannan a takarda."

"In nuna ta da hannu?"

Na gwada. Hannun ya ɗaga yatsa uku.

Bunsuru ya ɗauki ƙarfen kaɗa ƙararrawa. Dakta Namadi ya jawo rajistar gabansa, ya sa yatsa yana bin layi, ya yi gyaran murya. Ta taga na ga Inna ta fara saɓa jakarta, tana kallon motar.

Na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har da sunana a ƙarshe, yadda yake a rajista.

Ruwan da ke tafiya sama ya tsaya a inda ya kai. Ƙofar da ke jingine da darbejiya ta buɗe, mahaifiyata ta fito. Shekara shida da rasuwarta. Tana sanye da zanenta mai ruwan ƙasa, da muciya a hannu, da alama daga tuƙi aka taso ta.

"Wane marar kunya ne yake kiran sunana gatsau a tsakiyar gari?"

Na durƙusa. "Ni ne, Inna. Ina wuni?"

"Ban wuni ba." Ta kama kunnena, a gaban mutum dubu ɗari huɗu. "Da furfurarka? Abin da na koya maka ke nan? Kuma hannun wa ka sako?"

"Aro ne."

"Aro. Ku ji mini." Ta hango wayar a kan sanda, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Ku ne kuke kallo? To ku kalle shi da kyau. Yana shekara bakwai ya kwance mini rediyo, na dake shi, da safe na tarar tana magana, har ta fi da. Yana sha huɗu ya gyara keken matar liman, aka aiko a yi masa godiya, ya ɓuya a rumbu har magariba. Hannu gare shi. Baki ne Allah bai ba shi ba, irin ubansa. Wanda yake da keke ya kai masa, wanda ba shi da shi ya tashi ya nemi aikin yi, ya daina kallon mutane."

Sai na ji ƙasa tana motsi. Mabiyan Dakta Namadi ne suke tasowa layi-layi. Suka wuce ni, suka tsaya a bayan tsohuwa. Har ƙadangarena ya bi su. Dakta ya rage shi kaɗai da inuwa ɗaya, yana tambayar bunsuru ko a garin nan akwai masanin tsofaffi.

Hajiya akuya ta hura wa hatimin iska, ta buga shi a gefen mayafin mahaifiyata.

"An tantance. A ba ta yarinyar."

Na ce, "Hajiya, ta rasu fa."

"Shafinta yana aiki."

Aka kaɗa ƙararrawa. Bunsuru ya fito da Inna, ya damƙa hannunta a hannun kakarta. Suka juya wajen ƙofar darbejiya. Suka bar ni a durƙushe. Na so in yi kira, amma sunansu ɗaya ne, kuma na riga na yi amfani da shi. Ina kallo suka yi taku ɗaya, biyu, uku. Yarinyar tana tafe tana gyara igiyar jakarta.

A bakin ƙofar tsohuwa ta tsaya. Ta dubi yarinyar tun daga ɗankwali har takalmi.

"Takwara, kin ci abinci?"

"Na ci ƙosai da tara."

"Ƙosai." Ta harare ni. Sannan ta dubi cikin ƙofar, ta daɗe, ta girgiza kai. "Ni ina zan kai ta? Can babu makaranta. Taso, kai kuma, ka tsaya nan kamar an dasa ka."

Na taso. Ta sa hannun yarinyar a cikin na aron, ta matse su da nata. Hannun ya so ya ɗaga yatsa, ta buge shi da muciya, ya kama. Ta shige, ta jawo ƙofar. Mabiyan suka tsaya a waje suna jiran ta fito.

Muka kama hanyar gida. Ruwan ya ci gaba da tafiyarsa sama. Inna tana ta juya hannun tana dubawa. Sai da muka wuce gidan mai ta ɗago kai, kuma a fili take kallona.

"Baba."

"Na'am."

"Ashe ka san sunana."

"Na sani mana. Ni na raɗa miki."

"Sake faɗa in ji. Ɗazu akwai surutu."

Na duba gaba, na duba baya. Babu kowa a titin. Na buɗe baki.

Ƙarar jarka ce ta tashe ni. Mai ruwa ne yake juyewa a randa a tsakar gida, Inna tana ce masa ya yi a hankali, kada ya jiƙa mata takalmin makaranta.