Cikin Kifi Mai Gurnani

Kifin farko da Boeta Salie ya jawo ja ne mai ƙaton kai. Ya faɗo cikin jirgin ruwan, ya baza fikafikansa masu shuɗin baki, ya hau gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Duk mai fatsa a Kalk Bay ya san wannan kifi a kan yashi yake yawo, yana laluben abinci da 'yan yatsun nan na ƙirjinsa. In ka jawo shi, to ka kuskure dutsen da ke ƙarƙashin ruwa, kifin kirki kuwa a jikin dutse yake zama.

Kunya ta rufe Shamiela. Yau ce ranarta ta farko da jan jirgin mahaifinta tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Masuntan nan huɗu da ke cikin jirgin albarkacin tsoho suka biyo ta, na yini ɗaya tak. In aka koma hannu rabbana, gobe kowa zai nemi wani jirgin, wannan kuwa ya ruɓe a ɗaure.

Kosie, wanda bakinsa ba ya hutu, ya jawo na biyu irinsa daga bayan jirgi. "Shugaba, ga wani ya zo gaishe ki. Ko rairayi muka zo ɗiba, gini za a yi?"

"Na kuskure," in ji ta. "Baba ya ce in daidaita hasumiyar fitila da tsagin tsauni, hazo ya rufe tsagin."

"Ubanki ido rufe yake sakin anka," in ji Salie, bai ko dube ta ba. Ya ɗaga kifin zai mayar ruwa.

"Miƙo shi nan, Boeta," in ji ta.

Ba ta san teku ba, gaskiya ne. Amma shekara goma sha huɗu ta yi a teburin bakin gaɓa tana fafe kifin da maza suka kamo, su kuwa maza ba su taɓa damuwa da abin da ke cikin hanji ba. Ta zaro wuƙarta ta tsaga na Kosie: jatan lande da yashi mai laushi. Ta tsaga na Salie, wanda ke zaune a goshin jirgi. Ta murza abin da ta samu da yatsu, ɓawon kaguwa ne ja da guntayen katantanwa.

"Wannan a gindin dutse ya ci abinci, kuma bai daɗe ba. Dutsen yana gabanmu. A ja igiyar anka tsawon gaba goma."

"Yau kuma boka muka samu, da hanji take duba," in ji Kosie. Amma ya tashi ya ja.

Aka sake sakin fatsa. Shiru. Tana kallon hannayen Salie masu kaushi, don ta san inda ya sa ƙafa nan sauran za su sa. Can zaren fatsarsa ya yi tauri. Ya ja, ya ƙi. Ya naɗe a hannu ya fizga, zaren ya tsinke ya dawo fayau, babu ƙugiya babu dalma. Yashi ba ya cin ƙugiya.

Kafin ya gama tsaki, Kosie ya fara kokawa da wani abu mai nauyi a fatsarsa, bakinsa ya mutu a karon farko tun safe.

Salie ya buɗe gwangwaninsa yana tono, yana ƙunƙuni. "Dutsen nan na ubanki ɓarawo ne, tun ina saurayi yake cinye min kaya." Ya ɗaura sabuwar ƙugiya, ya datse zaren da haƙori. "Uku suka rage min. In mun sauka ki tuna min in saya, ba za su kai mu gobe ba."