Hoton Baba Yamusa a Bangon Makaranta

Saura kaɗan Mabel ta wuce makarantar firamaren nan ta Durumi ba ta tsaya ba. Tana ɗauke da kwandon kifin da ta saro a kasuwar Kado, sai ta ga mutane sun taru a jikin bango. Ma'aikatan zaɓe ne suka liƙa rajistar masu ƙuri'a, kowane suna da hotonsa, don kowa ya duba nasa, a kuma faɗi waɗanda suka mutu a cire su.

Karatunta bai wuce aji huɗu ba, saboda haka fuskoki ta riƙa bi. A takarda ta uku ta ga babanta.

Baba Yamusa manomin doya ne, kuma bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, ko da ranar Kirsimeti. Sau ɗaya tak ya zauna gaban kyamara, ranar rajista, da aka ce masa na'urar zaɓe yanzu har fuska take dubawa. Kafin katin ya fito ya rasu. Wata bakwai ke nan. Ga shi nan da hularsa ta ulu, ya ɗaure fuska kamar wanda aka ci wa iyakar gona.

"Ƙanwata, kin samu sunanki?" in ji ma'aikaciyar da ke zaune a tebur, wata mai suna Jessica.

"Babana ne, anti. Ya rasu."

"Ayya, sannu. To sai mu cire shi, kar wani ya yi zaɓe da sunansa."

"Katinsa fa?"

"Mai kati kaɗai ake ba kati. Matsar da kwandon can, kin kawo mini ƙudajen Kado duka!"

Mutane suka yi dariya. Mabel ta sunkuyar da kai. Wayarta ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Ga babbar waya a kan tebur, kusa da hannun Jessica. Maganar ta zo mata har baki: anti, don Allah ki ɗauka mini. Amma layi ya yi tsawo a bayanta, wani har yana tsaki. Ta faɗi ranar rasuwar, ta dangwala yatsa a inda aka nuna mata, ta ɗauki kwandonta.

Da yamma ta roƙi maƙwabciyarsu Zakiyya aron waya mai ɗaukar hoto, ita kuwa ta ba ta.

Washegari tun kafin yara su shiga aji ta iso. Bangon wayam. Maigadi ya ce jiya ce ranar ƙarshe, an kwashe takardun a mota.

Inda takarda ta uku take, wani ɗan yanki ya maƙale a jikin gam: gefen hula da rabin kunne. Ba ta tabbatar ko nasa ne ba. Ta sa farce a hankali ta ɓamɓare shi, ta ƙulle a bakin zaninta, sannan ta tafi mayar wa Zakiyya wayarta.