Inda Bututun Ya Tsaya

Widad ta sa buroshi ta tura ruwan kwata har tsakiyar layi. Ruwan ya yi kamar zai tafi, sai kuma ya juyo a hankali ya dawo ƙofar shagonta, baƙi ƙirin, da warinsa da komai. Karo na huɗu ke nan tun asuba. Ta jingine buroshin, ta gyara katakon da take shimfiɗa wa masu sayen gurasa su taka su shigo, sannan ta ɗaga kai ta harari takardar da ke manne a ƙofa.

Duba-gari ne ya manna ta ranar Alhamis. A kan wannan katakon nata ya tsaya, da takalminsa mai sheƙi, ya toshe hanci da hankici, ya rubuta cewa bai halatta a gasa abin da mutane za su ci cikin irin wannan ƙazanta ba. In ba a gyara ba zuwa Laraba, za a rufe shagon a buga masa hatimin jan kaki. Hukumar garin Burj Nasim ce ta aiko shi. Ita ce kuma dai hukumar da ta ɗauko sabon bututun kwata tun daga babban titi, ta biyo da shi layi-layi, da ya iso kwanar Layin Maɗinka ta tsaya cak. Taku saba'in ne tsakanin bakin bututun da ƙofar Widad. Da ƙafarta ta auna, ba sau ɗaya ba.

Shekara ashirin da shida tana gasa gurasar za'atar, mai barbaɗen ganyen ƙamshi da riɗi, da ta cuku a shagon nan. Da shi ta yi jinyar mijinta Nazih har Allah ya karɓi abinsa, da shi ta kai ɗanta Ziyad jami'a. In aka rufe shi, ba ta da wani abin kamawa.

"Umm Ziyad! Yau ma wankan titi ake yi? Bas ta cika, ke kaɗai muke jira!"

Fauzi ne, ƙanin marigayin, ya toge can nesa inda ƙasa take a bushe.

"Ƙaraso mana, Abu Talal. Ko takalmin na aro ne?"

"Sabo ne fil, don yau na saye shi. Ki yi wa Allah ki taho, tafiyar awa biyu da rabi ce a gabanmu."

"Ba ni minti goma. Ina da magana da Rayis, shugaban hukumarmu."

Yau Lahadi, ranar zaɓen hukumomin gari. Kowa kuwa ya sani, ba inda mutum yake kwana yake jefa ƙuri'a ba, sai inda rajistar kakanninsa take. Mace ma ranar aurenta ake kwashe sunanta a kai garin miji kamar kayan ɗaki. Widad a Burj Nasim ta yi furfura, amma a takarda ita 'yar Kafar Lauza ce, wani ƙauye a kan dutse da ta taka sau biyar a rayuwarta, uku daga ciki jana'iza ce ta kai ta.

Ta kulle shagon, ta ɗauki takardun koke uku da ta yi sati biyu tana yawo da su gida-gida, ta nufi kwana. A nan makarantar da ake zaɓe take, a nan kuma bututun ya ƙare, kusa da wani ƙaton allo mai tutar ƙasar Turawan da suka ba da tallafin aikin. Rayis Munir, shugaban hukumar, yana tsaye a bakin ƙofa yana rarraba murmushi, yana neman zarcewa karo na uku.

"A'a, Umm Ziyad, mai gurasar da babu irinta! An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Rayis, in ban da wari." Ta miƙa masa takardun. "Mutum ɗari da arba'in da uku ne suka sa hannu. Taku saba'in muke roƙo, ba gidan sama ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda duniya take kan wuyansa.

"'Yar'uwa, kina dai ganin labarai. Yaƙi nan, yaƙi can. Jiragen ruwa ba sa zuwa yadda suka saba, masu ba da tallafin sun karkata wani wuri. Abin ya fi ƙarfin hukumar gari, maganar ƙasashen duniya ce."

"Ikon Allah! Wato yaƙin ya keto teku, ya tsallake layin kantin magani, ya tsallake layin gidan surukinka, bai samu wurin yada zango ba sai kwanar Layin Maɗinka?"

Wasu a cikin masu bin layin zaɓe suka ƙyalƙyale da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Widad ba dariya ta zo nema ba. Ta nuna allon da yatsa.

"Karanta abin da kuka rubuta. Mutum dubu tara za su amfana. Masu rajista a garin nan duka-duka nawa ne? Sun kai dubu biyu? Sauran dubu bakwan daga ina kuka samo su? Da za ku je roƙon Turawa kun ƙirga mu tsaf, har da jariran goye. Da kuɗin ya zo sai muka zama baƙi."

Murmushin Rayis ya ɗauke. Ya buɗe takardun, ya ɗora yatsa yana bin sunayen. Bai buƙaci wani littafi ba, sunan dangi kaɗai ya ishe shi.

"Waɗannan 'yan kudu ne. Waɗannan mutanen yankin Bika'a. Wannan gidan daga lardin Akkar suka zo." Ya juya shafi. "Mutum uku na gani 'yan garin nan, biyu daga ciki ma ba su taɓa zaɓe na ba. Ke fa, ina rajistarki?"

"Ka sani."

"Faɗi dai, jama'a su ji."

"Kafar Lauza."

"To madalla. Ai yau can za ki." Ya ninke takardun ya mayar mata a hannu. "Sai ki kai wa rayis ɗinku."

"Takardar rufe shago fa? Ita ba ta tambayi rajistata ba."

"Wannan maganar lafiyar jama'a ce, 'yar'uwa, babu siyasa a ciki."

Ya juya ya rungumi wani dattijo da aka kawo a keken guragu. Widad ta tsaya, ta ji kamar ta fasa ihu. Sai ga wata Baturiya cikin 'yan sa ido, sanye da shuɗiyar falmaran, ta matso da tafintanta. Ta ji hayaniya ne, tana so ta san ko an hana baiwar Allahn nan jefa ƙuri'a.

"Ce mata ba wanda ya hana ni," in ji Widad. "Bas guda ma ake jira na da ita."

Baturiyar ta yi 'yar alama a takardarta, ta yi murmushin jin daɗi, ta wuce.

A cikin bas an cika maƙil da dangin Nazih, waɗanda ba a ganin su sai biki ko mutuwa ko zaɓe. Ana hawan dutse ana raba burodi da kaza da lemon kwalba. Fauzi yana bi kujera-kujera yana miƙa wa kowa 'yar takarda mai sunaye tara, na Ustaz Hikmat ɗan baffansu a sama.

"Ga taki, matar yaya. Ninke ta kawai za ki yi ki sa a ambulan, kada ki ƙara ko wasali. Wancan karon da ƙuri'a huɗu gidan Sha'ar suka kayar da mu a unguwar sama, da ƙyar muka tsira da kujerar. Huɗu fa! Bana har daga Abidjan mun ɗauko mutane, biyu daga Jamus."

"Daga Jamus? Sun san inda kwatar ƙauyen take bi?"

"Ina ruwansu da kwata? Mutuncin gida ake magana."

"Laraba za a rufe mini shago, Abu Talal."

"Allah zai kawo mafita. Ci kazarki kafin ta huce."

Ba ta ci ba. Ta riƙe burodin a cinya har suka iso.

Tun daga mashigar Kafar Lauza ranta ya ƙara ɓaci. Kwalta sabuwa, sumul. Fitilu masu aiki da hasken rana a jere dama da hagu. Gidajen dutse manya-manya, tagoginsu a rufe ruf, ciyawa ta fito a matakala. In sanyi ya shigo mutum arba'in ne ke kwana a ƙauyen, sai awaki. Amma masu ƙuri'a dubu da ɗari ne, saboda haka ga allo nan a dandali, da tuta irin waccan, ga kuma murafan kwata na ƙarfe suna bin titi har can inda gidaje suka ƙare. Da ta sauka ta je kan ɗaya ta duƙa ta leƙa ta cikin ramukansa. A bushe yake ƙayau, sai busasshen ganyen inabi.

"Matar Nazih! Allah ya jiƙan Nazih, ya kai haske kabarinsa!"

Ustaz Hikmat ne ya taho da hannu a ƙirji, dogo, mai sanƙo, mutumin kirki a bakin kowa.

"Amin, Ustaz."

"Kin sha hanya saboda mu. Faɗi abin da kike buƙata, in dai muna da iko."

"Bututun kwata, taku saba'in."

"A wace unguwa?"

"Layin Maɗinka, Burj Nasim."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗar Fauzi. "Kai, Umm Ziyad, hannuna bai kai can ba. Amma kada ki ce mun manta da ke a nan. Kin ga maƙabarta? Mun faɗaɗa ta, mun zagaye da katanga, har famfo da fitila mun sa. Wurinki na nan kusa da Nazih, bayan tsawon rai. Ni da kaina na hana a taɓa shi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Garin da take raye a cikinsa bai san ta ba sai ranar rufe mata shago, wanda ya san ta kuma rami ya tanadar mata. Ta buɗe baki, ta ga in ta fara ba za ta tsaya ba, sai ta ce, "An gode, Ustaz," ta shige makarantar ƙauyen, inda ake zaɓe.

Malamin zaɓe ya duba katinta, ya nemo sunanta ƙarƙashin na Nazih, ya ba ta ambulan mai hatimi. Ta shiga bayan labule. Ta ciro 'yar takardar Fauzi ta dube ta. Sunaye tara, ba ta san fuskar shida daga ciki ba. Ta ajiye ta a kan tebur. Ta buɗe jaka ta ɗauko takardunta uku, masu sa hannun Abu Sami maɗinki da dangwalen yatsan tsohuwa Zahiyya da sauran mutanen layin, har da ɗigon man zaitun a gefen shafin farko. Ta ninke su biyu, ta ninke huɗu, ta danna da tafin hannu yadda take danna ƙullu, ta cusa. Ambulan ta kumbura kamar gurasa a tanda.

A bakin akwati sai da ta sa babban yatsa ta tura kafin ambulan ta shige. Malamin zaɓen ya dubi akwatin, ya dube ta. Ita ma ta dube shi ido cikin ido. Ya tura mata kwalbar tawada, ta dangwala yatsa.

Fauzi na jiran ta a ƙofa, yana ta murza hannu.

"An saka?"

"An saka."

"Duka taran? Ba ki soke kowa ba?"

"Ɗari da arba'in da uku na saka."

"Ɗari da me?"

"In an zo ƙirga za ka ji, ai da ƙarfi ake karantawa. Rayis ɗinmu na can ne ya ce in kawo wa na nan. Na kawo."

Fauzi ya ɗora hannu biyu a ka. "Kin ƙona ƙuri'a? Umm Ziyad, ƙuri'a huɗu fa na ce miki! Me zan gaya wa Ustaz?"

"Ka ce masa ya ci gaba da tsare mini wurin. Sauran kuma ya bar wa 'yan Jamus."

Ba ta jira bas ɗin dangi ba, don an ce sai an ci tumakin da aka yanka. Ta tari motar haya a dandali ta gangaro.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso Layin Maɗinka. A kwana an fara kaɗa ganguna, motocin Rayis suna ta hon tun ba a gama ƙirga ba. Ruwan ya samu yini guda babu mai kora, ya bazu daga bango zuwa bango, ya haura har dokin ƙofarta. Abu Sami ya leƙo daga tagar shagonsa.

"Umm Ziyad, an dawo? Wa ya ci a can?"

"Waɗanda suka saba."

"Ga buroshina in naki ya gaji. Ki kore shi kafin Laraba, ko mutumin nan zai tausaya."

Widad ta taka katakon ta hau dokin ƙofa, ta buɗe shagon. Buroshinta na nan a jingine inda ta bar shi. Ta dube shi, ta dubi takardar da ke manne, ta dubi tawadar da ke yatsanta. Sannan ta sunkuya ta kama bakin katakon, ta ja shi ciki yana ɗiga, ta jingine shi a bayan tanda.

"Bar shi ya taru, Abu Sami," ta ce. "Mai jan kakin ya zo ya same ni a ciki. Ina so in ga takalmin."