Ƙyallaye Bakwai a Littafin Lantana

A cikin 'yan gidajen Kirista na Tanout, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba, an san Lantana da karatu. Ko maƙwabciyarta Hajiya Hadiza takan ce wa mata a bakin famfo, "Tsohuwar nan in ta buɗe littafinsu, ko tuntuɓe ba ta yi."

To, gaskiyar magana, Lantana ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Marigayi mijinta ne yake karanta mata Littafi Mai Tsarki da hantsi, ita tana tankaɗe tana haddacewa. Duk inda ta haddace sai ta yago ƙyalle ya saka mata: na zanen aurenta a labarin Rut, na goyon ɗanta Manzo a labarin Yusufu, wani shuɗi a Zabura. Bakwai ne cif. Shekara arba'in tana buɗe ƙyalle, ta ɗora yatsa, ta yi ta zuba.

Ranar Talata jikarta Asiya, wadda ta zo hutu daga makarantar sakandare ta lise a Damagaram, ta tashi sharar ɗaki. Ta ga littafin ya kumbura da tsummoki, ta zazzage su, har da goge bangonsa. Alhamis kuwa taron zumuntar mata ne, matar wani fasto za ta zo baƙunta, kuma Lantana aka ba karatun Rut.

Lantana ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Duk shafi iri ɗaya, kamar tururuwa a kan tabarma.

"Ke 'yar nan, ina ƙyallayena?"

"Suna cikin shara, Kaka. Ai datti ne."

"Ke ce datti. Kwaso su."

Asiya ta kwaso, ta kakkaɓe. Lantana ta miƙa mata na auren, ta ce ta mayar da shi wurin Rut.

"Ki mayar mana, ba ga littafin a cinyarki ba?" in ji Asiya.

Tsohuwa ta yi ta murza ƙyallen. Asiya ta dube ta, ta dubi littafin, sai ta zauna a hankali.

"In Hadiza ta ji wannan," in ji Lantana, "na san bakin da ya fito."

"Baba ya sani?"

"Ubanki? Shi da sai babur ɗinsa ya lalace yake tuna Zabura? Bar shi da tabaransa."

Suka wuni suna aiki. Lantana ta faɗi labari, Asiya ta nemo shi a wayarta, sannan ta nemo shafin ta saka ƙyalle. Da aka zo kan Rut, yarinyar ta ɗago kai.

"Kaka, ba gero ta yi kala ba, sha'ir ne. Kuma babu inda aka ba ta fura."

"Kakanki gero ya ce. Wa ya taɓa ganin sha'ir a nan ƙasar Damargu? Kuma mace ta wuni a gona a hana ta fura? Wane irin mutum ne mai gonar?"

Ranar Alhamis Lantana ta buɗe ƙyallen aure, ta ɗora yatsa. Rut ta yi kalar geronta, ta sha furarta. Baƙuwa tana bi a nata littafin, ta juya shafi gaba, ta dawo baya. Da aka gama ta matso.

"Mama, wace fassara ce wannan taku?"

Lantana ta saci kallon jikarta.

"Tsohuwar fassara ce, Madam," in ji Asiya. "Ta kakana ce. Ba a samunta a kasuwa."

Baƙuwa ta shafa bangon da girmamawa, ta ce a riƙe shi da kyau.

Suna isa gida Lantana ta yago bakin wani tsohon kallabin Asiya, ba tare da ta tambaye ta ba.

"Kafin hutunki ya ƙare ki karanta mini sabo. Nemo wanda mata suke faɗa a ciki."