Reshen da Na Karya

"Me ka taɓa?" in ji Baba Mai Hoto, tun kafin in ajiye kyamarar.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ya rufe shagonsa ya koma ɗaukar hoton abin da ke bayan gidansa: ƙadangaru, kurege, tsuntsaye. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ko taga ba ya iya kaiwa. Kurciya ta ƙyanƙyashe a bishiyar lemonsa, yana son ganin 'ya'yan, sai ya aike ni in ɗauko masa hotonsu ranar da ba na koyarwa a makaranta.

Na faɗa masa gaskiya. Wani reshe ne ya tare sheƙar, na karya shi don hoton ya fito tsaf. Uwar ta tashi fir, ba ta dawo ba.

Matarsa, wadda nake kira Mama, ta daina yi masa fifita. Shi kuwa ya rufe ido, ya yi mini bayani a hankali: reshen nan shi ne inuwarsu, kuma in uwar ba ta dawo ba kafin rana ta faɗi, 'ya'yan ba za su kai gobe ba.

"Malam, bishiya ba allon aji ba ce da za ka goge," ya ce.

Ya umarce ni in ɗaure reshen da zare a inda yake, da sauri, kada in leƙa ciki. Daga nan in sa tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, don ita tsuntsayen suka sani, in zauna a baranda bayan labulen da ya huda wa kyamara. Kada in yi tari, kada in kori ƙuda.

"Kai da ke sa yara arba'in su yi shiru, yau mu ga naka."

Mama ta ce ko a kwance ma bai bar tsokana ba.

Na zauna. Ƙafata ta mutu, tururuwa ta hau mini wuya. Ina jin tarinsa daga ɗaki, ina jin yadda yake ƙoƙarin danne shi. Bayan awa uku uwar ta sauka a katanga. Ta daɗe tana juya kai, ta koma reshen sama, sannan ta gangaro. Sai da ta fara ciyar da su na danna, sau ɗaya tak.

Hoton bai yi kyau ba a idona. Ganye ya rufe rabi, ga zaren nan a fili. Mama ta sa masa tabarau, na riƙe masa kyamarar. Ya daɗe yana duba ƙaramin bakin da ke cikin na uwar.

"Ba ta kalle ka ba," ya ce. "To, ka yi hoto."

Kwana tara bayan haka ya rasu, da hantsi, Mama na gyara masa matashi.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya, wasu suka so a shimfiɗa musu tabarma a inuwar lemo. Mama ta tashi. Ta jawo benci ta gindaya a ƙofar baya, ta zauna a kai, a nan ta karɓi gaisuwa har yamma. Da na durƙusa gabanta, ta saman kafaɗarta na hango 'ya'yan kurciyar su biyu a bakin sheƙa, ɗaya yana miƙe fiffike.