Ɗorawar Luba

Da Farfesa Fatihu Ilu ya ajiye aikin jami'a, sai ya bar wa 'ya'yansa gidan birni, ya koma Zangon Kirya, ƙauyen da aka haife shi a ƙasar Minjibir. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ciwon suga ya fara taɓa masa ido, ga gajiyar da ya ce tun a tsakiyar aiki ta kama shi, ba ta sake shi ba. Hutu yake so, ba wani abu ba.

Mutanen gari kuwa sun ɗauka lauya ne ya dawo musu gida. Kafin ya gama karin kumallo, takalma sun taru a ƙofar zaure. Wannan an ci masa iyaka, wancan shanu sun yi masa ɓarna. Yakan saurare su har su gama, sannan ya ce, "Ni fa ba lauya ba ne. Tarihin shari'a na karanta. Aikina in faɗi yadda alƙalan dā suka yanke hukunci, da abin da ya sa suka yanke shi haka."

Sai su ce, "Ai duk ɗaya ne, Malam." Shi kuma ya rasa ƙarfin yin musu.

Hanyar da ta kai shi can doguwa ce. Ya yi allo a gaban mahaifinsa Malam Ilu, ya yi firamare a Minjibir, daga nan aka kai shi makarantar koyon shari'a a birni da nufin ya fito alƙali. A can ya gane ba ya iya kallon mutum biyu ya ce ɗaya ya faɗi. Abin da ya fi so shi ne ya ji yadda wasu suka yi. Ya wuce jami'a a Zariya, ya tafi Landan ya yi digiri na uku, ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin adana tsofaffin takardu na Kaduna, yana buɗe kundayen kotunan alƙalai na zamanin Turawa, waɗanda gara ta ci gefensu. Littattafai biyu ya rubuta, duk da Turanci. Wanda ya fi fice yana magana ne kan gona da itace a karkarar Kano: yadda ake sayar da ƙasa amma kuka ko tsamiyar da ke cikinta ta zama ta wani daban, da yadda alƙalai suka riƙa karɓar wannan al'ada. Ana koyar da littafin a jami'o'i. A Zangon Kirya babu wanda ya taɓa buɗe shi.

Wata safiya, ana gab da bazara, ƙanwarsa Luba ta shigo ba tare da ta tsaya a zaure ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da daddawa ta raini 'ya'yanta. Ta zauna a bakin tabarma, ta gaishe shi a gajarce.

"Yaya, Usaini ya sayar da gonar bakin hanya."

"Na ji. Ai rabonsa ce."

"Har da ɗorawata."

Usaini shi ne autansu. Da aka raba gadon Malam Ilu, gonar bakin hanya ta faɗa hannunsa, amma babbar ɗorawar da ke tsakiyarta kowa ya san ta Luba ce. Mahaifinsu ya ba ta tun yana da rai. Duk shekara ita ke zuwa da maƙata ta sauke 'ya'yan, ta fitar da kalwa ta yi daddawa, ta sayar da garin ɗorawar, ta ba magina makuba. Ko da Fatihu yake Landan, daddawar wannan itaciya ce ake aika masa a ƙulle cikin leda, har Bature maƙwabcin ɗakinsa ya kai ƙararsa saboda wari.

Yanzu da aka zuba wa hanya kwalta, wani Alhaji Kamaruddeen daga birni ya sayi gonar, zai yanka fulotai ya kuma kafa wurin buga bulo. Usaini bai ambaci ɗorawa ba a wajen ciniki.

Fatihu ya ce, "Bari in kira Usaini mu zauna."

"Na riga na kai ƙara, Yaya. An ba su sammaci."

Ya dube ta. Ba fushi ya gani a fuskarta ba, ya ga mutum ce da ta gama magana da kowa kafin ta zo wurinsa.

Wata lauya mai suna Rumaisa, wadda ya koyar a jami'a, ta karɓi shari'ar da jin sunan malaminta. Ta zo har gida da littafinsa a hannu, shafukan duk ta ja musu layi.

"Baba, wannan shari'ar kamar daga babi na huɗu aka ciro ta. In ka tsaya a gaban kotu ka yi bayani, an gama."

"Rumaisa, mutanen da ke cikin littafin nan duk sun mutu. Shi ya sa suka yi mini sauƙin sha'ani."

Ta yi dariya, ta ɗauka raha yake yi.

Ranar farko suka tafi Minjibir a adaidaita sahu, shi da Luba. Alƙalin, da ya ji sunansa, sai ya gyara zama, ya ce ya karanta littafin yana ɗalibi. Ya sa aka kawo masa kujera. Fatihu ya yi bayani a nutse, cewa raba itace da ƙasa tsohuwar al'ada ce a wannan yanki, kuma magabata sun yi hukunci da ita matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Alƙali yana gyaɗa kai. Da ya gama, sai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Al'ada kam mun fahimta. To ranar da mahaifinku ya ba ta itaciyar, kana wurin?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Ina Kaduna."

"Su wa ke wurin?"

Luba ta ce liman ne da mai unguwa na wancan lokacin. Dukansu sun rasu. Aka tambayi Usaini, ya sunkuyar da kai, ya ce shi yaro ne a lokacin, ba zai iya tunawa ba. Alƙali ya hana a sare itaciyar har a gama shari'a, ya ce a kawo maƙwabtan gona su shaida wanda ya daɗe yana cin amfaninta. Aka ɗaga.

Daga nan abin ya ja jiki. Ranar da shaidu suka zo, lauyan Alhaji yana wata kotu. Ranar da ya zo, ɗaya daga cikin shaidun ya tafi jana'iza. Sai ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofa da kwaɗo. Da aka buɗe, an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sabon ya ce a faro daga farko. Shi bai san littafin ba, bai kuma nemi ya sani ba. Fatihu ya koma benci cikin jama'a, kuma hakan ya fi masa daɗi.

A kan bencin nan ya fahimci wani abu da bai taɓa kawowa a ransa ba. A tsofaffin kundaye, kalmar "an ɗaga" ta fi kowace kalma yawa, kuma idonsa yakan tsallake ta ya nemi inda aka yanke hukunci. Yanzu ya san abin da ke cikinta. Akwai sammako, da jiran abin hawa a bakin titi, da tukunyar kalwa da aka bari ba a ɗora ba, da ranar kasuwa da ta wuce. Akwai zufa, da ƙafa da ke kumbura, da tsohon da ke kusa da kai yana ba ka labarin shari'arsa karo na nawa. Ya tuna sunayen matan da ya yi ta ambata a littafinsa, masu ƙara kan kuka da giginya, waɗanda suka taka da ƙafa daga ƙauyuka zuwa gidan alƙali. Ya rubuta abin da aka yanke musu, bai taɓa tambayar sau nawa suka je suka dawo ba. Da yana da sauran ido da ƙarfi, da ya sake babin. Ba shi da su.

Alhaji Kamaruddeen ba mugun mutum ba ne. Duk ranar shari'a sai ya durƙusa ya gaishe da Fatihu, wani lokaci har ya ce su zo ya rage musu hanya, Luba ta ƙi. Shi ma ya gaji.

"Wallahi Baba, da na san da wannan magana ban saya ba. Na ce ta faɗi abin da take so in ba ta, ta ƙi."

Fatihu ya isar da saƙon a hanyar komawa. Luba tana kallon gonaki, gero ya fara fitar da kai.

"In na karɓa na cinye, baɗi in sauke me?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Umarnin kotu ya ce kada a sare itaciyar, kuma ba a sare ta ba. Amma bai ce kada a yi gini ba. Aka kewaye filin da katanga, aka haƙa harsashin shaguna dab da gindinta, masu haƙa suka datse duk saiwar da ta tare musu hanya. Tifa ta riƙa juye yashi da tsakuwa a ƙarƙashinta saboda inuwa, ruwan siminti yana gangarawa can. Da Rumaisa ta kai kuka, sai aka ce ta rubuto, za a sa rana. Bazarar farko ɗorawar ta yi 'ya'ya kaɗan, suka zube a cikin katanga, awakin maigadi suka cinye. Da damina ta sake zagayowa, ɓangare ɗaya ne kawai ya yi ganye.

Fatihu ya je wurin Usaini sau ɗaya. Ya same shi yana gyaran babur a ƙofar gida.

"Usaini, ka san ta Luba ce."

"Yaya, in na ce na sani, cinikin ya warware. Abin da aka ba ni na aurar da yara, na rufa ɗaki. Ina zan samo?"

"Da ka faɗa tun farko."

"Haka ne, da na faɗa."

Fatihu ya ga ƙanin nasa ya yi furfura fiye da shi. Ya yi masa sallama ya tafi.

A ƙarshe shaidu suka haɗu a rana ɗaya. Maƙwabtan gona suka ce tun suna samari Luba suke gani da maƙata a gindin itaciyar, Usaini yana noma a gefe, bai taɓa hana ta ba. Alƙali ya ce ta yi rantsuwa. Ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani ta rantse, karo na farko a rayuwarta. Aka yanke hukunci ɗorawa tata ce, tana da hanyar shiga ta ɗebi amfaninta. Rumaisa ta riƙe hannun Luba tana murna. Alhaji ya ce ba zai ɗaukaka ƙara ba, ya isa haka.

Washegari ma'aikacin kotu ya raka su filin don ya damƙa mata abinta. Maigadi ya buɗe ƙofa. Injin bulo yana ta ƙara. Ɗorawar tana tsaye, rassanta a bushe, ɓawonta yana ɓamɓarewa. Ma'aikacin ya karanta takardarsa da ƙarfi saboda ƙarar inji, ya nuna itaciyar da biro, ya ce ta karɓa.

Luba ta zagaya ta sau ɗaya. Ta karya wani ɗan reshe da ya faɗo, ta duba cikinsa, ta yar.

Rumaisa ta ce, "Inna, za mu iya neman diyya. Su suka kashe ta. Sabuwar ƙara ce, amma muna da hujja."

"Wace kotun?"

"Wannan dai."

"A'a, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka." Ta juya wurin Fatihu. "Yaya, ka sa a nemo masu faskare."

A mota Rumaisa ta roƙe shi ya rubuta maƙala kan shari'ar. Ta ce hukuncin ya tabbatar da abin da ya faɗa tun tana cikin zanin goyo, mujallu za su yi rububinta.

Ya ce, "Ke ki rubuta. Kin fi ni ido. Amma ki nemi rijistaran kotu ya ba ki duk ranakun da aka ɗaga, ki je ki tambayi Luba me ta bari a gida kowace rana. Da wannan za ki fara."

Ta ce to, amma ya ga ba ta gane amfanin hakan ba. Bai matsa ba. Shi ma a shekarunta da bai gane ba.

Masu faskare sun yi kwanaki suna aiki. Itacen ya cika tsakar gidan Luba har ya toshe hanyar rijiya. Ta koma sayen kalwa a kasuwar Minjibir, ribar ta ragu, amma ba ta fasa sana'a ba. Ita da Usaini ba sa magana, in sun haɗu a hanya sai kowa ya dubi gabansa.

Ana cikin haka 'yar Usaini ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Luba ta ji labari a wajen masu sayen daddawa. Ta sa aka loda amalanke da manyan guma-gumai, ta leƙo gidan Fatihu.

"Yaya, ka raka wannan gidan Usaini. Mai jego tana buƙatar ruwan zafi, su kuma kara suke ƙonawa."

"Ke ba za ki ba?"

"Ba yanzu ba."

"Me zan ce musu?"

"Ka ce itace ne."

Ya ɗauki sandarsa ya bi bayan amalanken a hankali, ta tsakanin gonakin da aka girbe, yana tsayawa yana hutawa. Usaini ya fito, ya dubi itacen, ya gane shi. Ya naɗe hannun riga ya taya saukewa. Da suka gama ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo kunun kanwa. Suka yi zancen tsadar taki da ƙwarin da suka ci wake bana, har aka kira la'asar, suka tashi tare zuwa masallaci.