Sunan da Ake Jira a Ƙofar Gida

Tun da aka fito daga sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Ishiyaku da ke Rano, amma har rana ta ɗago ba a raɗa suna ba. Rago na ɗaure a gindin darbejiya. Mahauci ya gaji da wasa wuƙa, ya nemi inuwa ya zauna. Liman ya sha shayi har an ƙara masa.

A cikin gida kuwa 'yarsa Sa'adiya ce zaune a bakin gadon marigayiya mahaifiyarta, da kwamfuta a kan cinya, tana kallon wata 'yar da'ira da ke ta juyawa a kusurwar allo. Idanunta sai yaji suke yi. Jiya ta iso daga Kano inda take karatu, ko jakarta ba ta buɗe ba aka miƙa mata tsintsiya. Daga shara sai yankan cincin, daga cincin sai ƙulla goro da dabino a leda.

Jaririyar da ake taron dominta 'yar yayanta Ɗayyabu ce, ta fari. Shi yana ƙasar Larabawa yana tuƙa motar wani kamfani. Matarsa Bilkisu tana Kibiya, gidan iyayenta, tana wankan jego. An shirya maza su raɗa suna a nan Rano, a yanka rago, sannan mata su ɗunguma Kibiya. Komai ya tafi daidai sai da ƙanin Bilkisu ya bugo waya ya ce Ɗayyabu ya rubuto masa a sa wa yarinya Ramlatu. Ramlatu kuwa sunan mahaifiyar Bilkisu ne.

Malam Ishiyaku ya kira Sa'adiya.

"Uwarku ko shekara ba ta yi a ƙasa ba," in ji shi. "A ce ɗan da ta haifa ya tsallake sunanta? Kuma saƙon ya biyo ta gidan surukai? Ni ban ce wani ya yi ƙarya ba. Amma sai na tambaye shi ya amsa mini da bakinsa. In ban ji shi ba, sunan uwarku zan faɗa wa Liman."

Waya dai ba a rasa ta ba a taron. Sai dai manhajar da kowa ke hira da ita, an toshe kiranta a ƙasar da Ɗayyabu yake, rubutu kaɗai ke wucewa. Wadda yake iya kira da ita, Sa'adiya ce kawai ke da ita, a cikin kwamfutar makaranta, don babbar wayarta an zare ta a tasha tun watan jiya. Aka aro mata modem na kamo intanet daga maƙwabta. Ɗayyabu ya ce yana masauki yana jira, amma motar da ke kwasarsu zuwa aiki ba ta jiran kowa.

Ga shi da'irar sai juyawa take yi.

Ta zare modem ta mayar. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta ɗauke ta ta koma bakin taga, ta fito tsakar gida kusa da rijiya, har kan turmi ta hau tana ɗaga modem sama.

"Ke 'yar boko, sauko mana daga turmi, daka za mu yi," in ji Goggo, ƙanwar babanta. "Duk shekarun nan a Kano, kiran waya ɗaya ya gagare ki?"

"Goggo, sabis ne."

"Sabis ɗin gidan nan daban ne? Ga Muntari can tun ɗazu yake kallon ƙwallo a tasa wayar."

Kawu Muntari shi ne direban da zai kai mata Kibiya. Ya leƙo ta zaure yana kaɗa makulli, ya dubi Goggo.

"Hajiya, yau kasuwa ce fa. Fasinjana na can suna hawa motar wasu. In sunan ne ya yi wuya, ku sa mata Muntari mu tafi."

Mata suka kwashe da dariya. Sa'adiya ba ta da ƙarfin dariyar. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Maganar Goggo ce ta tsaya mata a rai. Da gaske, in sabis ne, me ya sa Kawu ke kallon ƙwallo? Ta buɗe shafin labarai don gwaji, nan take ya buɗe, har da hotuna. Ashe modem lafiyarsa lau. Manhajar ce kaɗai ta ƙi fita.

Ta shiga wajen saiti. Ta wuce na sauti, ta wuce na sanarwa, ta gangara can ƙasa inda ba ta cika zuwa ba, wajen saitin da aka ware don waɗanda suka san abin da suke yi. A nan ta ga layin da ke nuna hanyar da manhajar ke bi ta shiga intanet. Ta danna. Wani ɗan akwati ya buɗe, da jerin lambobi masu ɗigo a tsakani, da wata gajeriyar lamba a gefe, da sunanta na makaranta a ƙasa.

Sai ta tuna. A makonta na farko a makaranta malamin kwamfuta ya rubuta lambobin nan a allo ya ce kowa ya shigar. Furoksi ya kira abin. Ya ce intanet ɗin makaranta ƙofa ɗaya gare shi, wata na'ura da ke ɗakin kwamfuta, duk saƙon da bai bi ta kanta ba ba zai fita ba. Ta shigar, ta manta. To ga shi tana Rano, amma manhajar na can tana neman ƙofar makaranta a Kano. Abin da za ta yi bai taka kara ya karya ba: ta cire alama daga kan furoksin, ta zaɓi layin da ke sama, a tafi kai tsaye.

Ta ɗora yatsa. Sai ta tsaya.

Ta taga tana jin muryar babanta yana ba Liman haƙuri. "A ƙara mini kaɗan, Malam. In ba a samu ba sai mu yi abin da ya sawwaƙa."

Abin da ya sawwaƙa shi ne Fatima Zahra'u, sunan Inna, mahaifiyarta. Sa'adiya ta dubi ɗakin. Carbin Inna na rataye a ƙusa inda ta bar shi, ga kwalbar turarenta a kan kabad. Tun ranar da aka ce Bilkisu ta haifi mace take raya sunan nan a zuciya, har ta saya wa jaririyar 'yar riga tana cewa ta Inna ce. Ba sai ta yi ƙarya ba ma. Ta bar akwatin yadda ta same shi, ta fita ta ce ya ƙi. Kowa ya ga ta hau turmi. Goggo za ta yi mata tsiya na kwana biyu, shi ke nan.

Ta janye hannunta ta dafe goshi. Gajiya ta sauko mata gaba ɗaya, har ta ji da za a bar ta ta kishingiɗa a gadon nan, da ba za ta damu da sunan kowa ba.

Amma Ɗayyabu yana can zaune a bakin nasa gadon, shi ma yana kallon waya. Bai ga 'yarsa ba sai a hoto. Bai yi mata huɗuba a kunne ba, ba zai ci naman ragonta ba. Sunan nan kaɗai aka bar masa.

Ta cire alamar. Ta danna ajiye.

Da'irar ta ƙara zagaye ɗaya ta ɓace. Saƙonnin Ɗayyabu suka yi ta faɗowa, wani kan wani: Kina nan? Ke Sa'adiya. Mota ta kusa zuwa. Kafin ta karanta na ƙarshe kira ya shigo.

Ta rungumi kwamfutar ta yi zaure da gudu, modem na reto. Malam Ishiyaku ya shigo ya tsuguna a gabanta, ya karkato kunne kusa da allon.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?" Muryar na yankewa tana dawowa. A bayansa ana jin ana danna hon.

"Lafiya lau. Ɗayyabu, kai ka ce a sa sunan surukarka?"

"Ni ne, Baba."

"Ba wanda ya sa ka?"

"Wallahi ba kowa. Baba, lokacin jinyar Inna a asibiti, wa ya kwana da ita har ƙarshe in ba Hajiya surukata ba? Kullum daga Kibiya take zuwa. Inna da kanta ta ce mini, in Allah ya ba ni mace, in fara da Hajiya. Na kasa faɗa maka ne, na san za ka..." Muryar ta ɗauke, ta dawo. "Ka yafe mini, Baba. Mota ta zo."

Malam Ishiyaku ya ci gaba da kallon allon bayan fuskar Ɗayyabu ta tafi. Ya share ido da bakin rawaninsa.

"Ni ba ta gaya mini ba," ya ce a hankali, kamar ba da Sa'adiya yake ba.

Ya miƙe yana dafa bango, ya fita. Jim kaɗan ta ji Liman ya ɗaga murya an shafa fatiha, maroƙi ya kama shela: yarinya ta ci suna Ramlatu, Allah ya raya. Cikin gida guɗa ta tashi.

A motar Kawu Muntari, an matse ta tsakanin Goggo da bahon cincin, barci ya ɗauke ta tun kafin su fita daga gari. Sai a Kibiya aka tashe ta.

Bilkisu na zaune a ɗaki da lalle a hannu. Ta miƙo mata jaririyar cikin zani.

"Kin san ba zan iya kiran sunan Umma gatsau ba," in ji ta. "Yayanki ya ce ke za ki zaɓa mata wanda za a riƙa kiranta da shi."

Sa'adiya ta dubi 'yar fuskar da ke barci. Ta zauna da ita a bakin katifa.

"A kira ta Inna," ta ce.